Kwamitocin bincike a Ayilan: an tono asirin manya, amma wa ya sha ɗauri?

Daga 1991 zuwa 2012, mutanen Jamhuriyar Ayilan sun ga an gurfanar da ministoci, attajirai da firayim ministoci a gaban alƙalai a tsohuwar fadar Dublin, ana tambayarsu inda suka samo kuɗi. Ga yadda abin ya kasance, da abin da ya biyo baya.

Wane irin zama ne wannan? Kotu ce?

Ba kotu ba ce, kuma nan ne tushen duk wata ƙorafi da ake yi a kansa. Kwamitin bincike ne da majalisun dokokin ƙasar biyu ke amincewa a kafa, a ɗora alƙali a kansa, bisa wata doka ta 1921 da Ayilan ta gada daga Birtaniya. Yana da ikon kiran kowa, ya sa a rantsar da shi, ya buƙaci takardun banki. Wanda ya ƙi ba da haɗin kai ana iya kai shi babbar kotu. Sai dai kwamitin ba ya yanke hukunci, rahoto kawai yake rubutawa. Abin da mutum ya faɗa a gabansa kuma ba a ɗaukarsa a kafa masa hujja da shi a shari'ar laifi. Dole 'yan sanda su sake tattaro nasu shaidun tun daga farko.

Ta yaya asirin ya fara tonuwa?

Ta rigimar gida. A 1992 aka kama Ben Dunne, shugaban kantunan Dunnes Stores, da hodar iblis a wani otal a jihar Florida ta Amurka. 'Yan uwansa suka tashi raba shi da ragamar kamfanin, aka sa masu binciken kuɗi suka bi littattafan kamfanin, sai ga kuɗaɗen da ya riƙa bai wa 'yan siyasa. A ƙarshen 1996 labari ya fito cewa kamfanin ne ya biya kuɗin faɗaɗa gidan Michael Lowry, ministan sufuri, makamashi da sadarwa na jam'iyyar Fine Gael. Lowry ya sauka. Kwamitin alƙali McCracken da aka kafa a 1997 ya bi sawun sauran kuɗin, sawun kuma ya kai ƙofar gidan Charles Haughey.

Me aka gano game da Haughey?

Haughey ya shugabanci jam'iyyar Fianna Fáil, ya yi firayim minista a lokuta uku tsakanin 1979 da 1992. Kowa na ganin yadda yake rayuwa: katafaren gida da fili a Kinsealy kusa da Dublin, dawakan sukuwa, jirgin ruwa, tsibiri guda nasa na kansa a gaɓar Kerry, riguna daga wani shagon ɗinki na Paris. Albashinsa bai isa ko kusa ba, amma dokokin ɓata suna masu tsauri sun sa jaridu sun yi shiru.

A Janairun 1980 ya fito a talabijin ya gaya wa 'yan ƙasa cewa suna kashe abin da ya fi ƙarfin samunsu, dole a tsuke bakin aljihu. A daidai lokacin, bankin AIB yana binsa bashin sama da fam miliyan ɗaya, wanda daga bisani bankin ya yafe masa wani kaso.

McCracken ya gano cewa Dunne ya ba shi fam miliyan 1.3. Da farko Haughey ya musanta, sai da takardu suka rutsa shi sannan ya amsa. Kwamitin alƙali Moriarty da ya ci gaba da aikin ya fitar da rahoto a Disambar 2006, ya ce abin da Haughey ya karɓa daga 1979 zuwa 1996 ya haura fam miliyan 9, wani kaso daga ciki ta wasu asusun ɓoye da ake kira Ansbacher, masu alaƙa da tsibiran Cayman, waɗanda akantansa Des Traynor ke kula da su. Abin da ya fi ɓata wa jama'a rai shi ne kuɗin da aka tara don yi wa abokinsa Brian Lenihan dashen hanta a Amurka. Rahoton ya ce Haughey ya ɗebi wani kaso ya yi amfanin kansa da shi.

An hukunta shi?

An tuhume shi da yi wa binciken McCracken zagon ƙasa, amma a 2000 alƙali ya ɗage shari'ar sai abin da hali ya yi, saboda surutun da aka yi a kansa ya yi yawa, ba zai samu adalci a wurin masu taya alƙali yanke hukunci ba. Cikin abin da aka kafa hujja da shi har da furucin mataimakiyar firayim minista Mary Harney cewa ya cancanci ɗauri. Ya biya hukumar haraji miliyoyin kuɗi, ya rasu a Yunin 2006, wata shida kafin rahoton Moriarty, gwamnati kuma ta yi masa jana'izar girmamawa.

Tsohon firayim minista Bertie Ahern fa, wanda ake yabo kan sulhun Ayilan ta Arewa?

Shi kwamitin alƙali Mahon ne ya bincike shi, wanda aka kafa a 1997 don binciken yadda 'yan kwangilar gidaje ke saye kansiloli su sauya filayen noma a kewayen Dublin zuwa filayen gini. Ahern ya shaida wa kwamitin cewa ba shi da asusun banki na wasu shekaru, har da lokacin da yake ministan kuɗi, domin yana cikin rabuwa da matarsa. Kuɗin da suka shiga asusunsa daga baya, ya ce gudummawar abokai ce, wani kuma ya ci ne a cacar sukuwar dawaki. Ya sauka daga kujerar firayim minista a Mayun 2008. Rahoton ƙarshe na Maris 2012 bai ce ya ci hanci ba, amma ya ce bai faɗi gaskiya ba game da asalin sama da fam 165,000. Ahern ya ƙi amincewa da wannan, ya fice daga Fianna Fáil kafin a kore shi. A 2023 jam'iyyar ta sake karɓarsa.

To, akwai wanda ya kwana a gidan yari?

Akwai, amma a duba laifin. Ray Burke, tsohon ministan harkokin waje, an yanke masa wata shida a 2005 kan ƙarya a takardun haraji. Ɗan majalisa Liam Lawlor ya shiga sau uku kan raina kotu, saboda ƙin ba kwamiti haɗin kai. Wanda aka ɗaure kan cin hanci kai tsaye shi ne Frank Dunlop, ɗan kamasho mai raba ambulan ga kansiloli, a 2009, shi ma don ya amsa laifinsa da bakinsa. Wato an ɗaure mai bayarwa.

Ina labarin Lowry ya tsaya?

Bai tsaya ba. A Maris 2011 Moriarty ya ce Lowry ya taimaka wa kamfanin Esat Digifone na attajiri Denis O'Brien ya lashe gasar neman lasisin wayar salula na biyu a ƙasar a 1995, kuma kuɗi sun biyo baya zuwa gare shi. Su biyun sun musanta har yau. Majalisar wakilai, Dáil, ta nemi ya ajiye kujerarsa, ya ƙi. A 2018 kotu ta ci shi tara kan laifin haraji. Duk da haka mutanen Tipperary ba su daina zaɓensa a matsayin ɗan takara mai zaman kansa ba.

Tsarin zaɓen ƙasar na da hannu a nan. Kowace mazaɓa na tura wakilai uku zuwa biyar, mai zaɓe kuma yana jera 'yan takara ne bisa fifiko. Don haka ba a buƙatar rabin jama'a. Wanda ya riƙe kimanin kashi ɗaya cikin biyar na ƙuri'u ta hanyar gyaran titi, neman gado a asibiti da halartar jana'iza, ya tsira, ko me alƙali ya rubuta a Dublin. A Janairun 2025 Lowry ne ya jagoranci 'yan majalisa masu zaman kansu da suka mara wa gwamnatin Micheál Martin baya, kuma rigimar da ta ɓarke kan damar maganarsu a zauren majalisa ta sa aka ɗage zaɓen firayim minista da kwana guda.

Ke nan ministocin Ayilan ba sa sauka?

Suna sauka, wani lokaci cikin gaggawa, sai dai ba kullum girman laifi ke sa hakan ba. A Agustan 2020, ana tsakiyar dokokin korona, mutum sama da 80 suka halarci liyafar ƙungiyar wasan golf ta 'yan majalisa a Clifden. Ministan noma Dara Calleary ya sauka nan take, Phil Hogan ya rasa kujerar kwamishinan kasuwanci na Tarayyar Turai cikin mako guda. A 2022 kotu ta wanke waɗanda suka shirya liyafar. Haka Frances Fitzgerald, mataimakiyar firayim minista, ta sauka a 2017 kan rikicin ɗan sanda mai fallasa Maurice McCabe don kada gwamnati ta faɗi, shekara ta zagayo kwamitin bincike ya ce ba ta yi laifi ba. A ganina laifin da kowa zai fahimta a kanun labari guda shi ke kayar da mutum, wanda kuwa yake buƙatar shekara 14 na bin takardun banki, kafin a gama jama'a sun gaji.

Me ya canza a doka?

An yi dokar ɗa'ar masu riƙe da muƙami a 1995, dokar 'yancin samun bayanai a 1997, aka kafa hukumar SIPO a 2001 mai duba kadarorin 'yan siyasa da gudummawar da suke karɓa. A 2014 aka yi dokar kare masu fallasa, a 2015 aka wajabta wa masu kamun ƙafa rubuta sunan duk jami'in da suka tuntuɓa, a 2018 kuma aka sabunta dokar cin hanci. Saboda tsadar lauyoyi da jan lokaci, dokar 2004 ta samar da wani nau'in bincike da ake yi galibi a asirce. Amma da gwamnati ta nemi a bai wa 'yan majalisa ikon gudanar da irin wannan bincike da kansu, a zaɓen raba gardama na Oktoban 2011, masu zaɓe sun ce a'a.