Shirya fim da kuɗin aljihu a Zariya

Fim mai zaman kansa shi ne wanda furodusa ya nemo kuɗinsa da kansa, ba gwamnati ko gidan talabijin ko wani babban kamfani ne ya ɗauki nauyi ba. A Hausa kusan duk fina-finan da aka yi tun zamanin kaset haka suke, shi ya sa 'yan harkar ba su cika ware masa suna ba, fim kawai suke cewa. A Zariya samun kuɗin ɗauka matsala ce, amma wadda ta fi ta ita ce hanyar da kuɗin zai dawo, don kasuwar ba a garin take ba.

Tarihi

Kafin bidiyo, fim ɗin Hausa abu ne na hukuma. Majigin da ake yawo da shi gari gari a zamanin Turawa na wayar da kai ne, noman auduga, tsafta da sauransu, sannan Shaihu Umar da Adamu Halilu ya yi a 1976 da kayan ɗaukar fim na silima aka ɗauke shi, ba da bidiyo ba, abin da ba mai ƙaramin ƙarfi da zai tunkara. Hukumar fina-finai ta ƙasa da aka kafa a 1979 kuma a Jos ta zauna. Zariya ta wani ɓangaren ta shigo, wato wasan daɓe: a wajen 1975 aka fara koyar da wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello ƙarƙashin Michael Etherton, aka gina musu dandalin wasan kwaikwayo na laka a Samaru, ɗalibai suna fita ƙauyuka suna wasa da manoma a kan matsalolinsu. Wannan ya samar da mutanen da suka iya wasa da tsara labari, sai dai bai koya wa kowa yadda ake sayar da kaset ba.

Kasuwar a Kano ta tashi. Galibi ana ɗaukar Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa, wanda ya fito a 1990, a matsayin fim ɗin bidiyo na farko da aka yi don sayarwa, sunan Kannywood kuwa sai a ƙarshen shekarun 1990 ya bayyana a mujallar Tauraruwa. Tsarin da aka zauna a kai shi ne na kwali, kuma ya cancanci a tsaya a kansa don shi ya gina wasu ya kuma karya da yawa. Furodusa zai gama fim ɗinsa ya buga kwalin da ake saka kaset a ciki mai hoton jarumai, ya kai wa 'yan kasuwa a Ƙofar Wambai ko Bata tare da uwar kaset, su su yi ta gurzawa suna sakawa a kwali, to ribarsa a kan kwalin da aka sayar take, kuma yawanci bashi ake karɓa sai an sayar a biya. Mutumin Zariya sai ya yi ta zarya a hanyar Kano yana bin kuɗinsa, yau a ce fim bai tafi ba gobe a ce mai shago ya yi tafiya, wani lokaci ma ragowar kwalin za a ɗauro masa ya dawo da shi gida. Wanda ya gaji sai ya sayar da fim ɗin gaba ɗaya ga ɗan kasuwa a kan abin da ya samu.

Da sidi ya maye gurbin kaset satar fasaha ta ƙara sauƙi, sannan masu tura fim a waya suka ƙarasa abin, mutum ya ba da 'yan canji a cika masa memori da fina-finai, ko kwabo ba ya zuwa hannun wanda ya yi.

Inda kuɗin yake fitowa

Aljihun furodusa ne da farko, sai adashe, sai sayar da mashin ko fili, sai rance wajen 'yan uwa da abokai. Akwai kuma uban gida, ɗan kasuwa ko ɗan siyasa da zai zuba kuɗi, shi kuma da sharaɗinsa yake zuwa, ko a saka masa wani a fim ɗin ko a yi waƙar da za a ambace shi. Banki ba ya karɓar labari a matsayin jingina, furodusoshi da dama kuma su ma suna gudun kuɗin ruwa. A 2013 gwamnatin tarayya ta ware naira biliyan 3 don tallafa wa harkar fim a ƙasa baki ɗaya, har yau ana jayayya kan ko Arewa ta samu rabonta yadda ya kamata.

Lokeshan

Wurin ɗauka ba ya wahala a Zariya, ga Dutsen Kufena, ga ganuwa da ƙofofi, ga tsofaffin gidajen ƙasa masu zaure a cikin birni waɗanda sau da yawa da gaisuwa da roƙo ake samunsu ba da haya ba. Abin da ke cin kuɗi mutane ne da kaya. 'Yan kallo fuskar da suka sani suke nema, manyan jarumai kuwa Kano da Kaduna suke, sai an biya sallama da kuɗin mota da masauki, in jarumi ya ce kwana biyu zai bayar to dole a tattaro duk fitowarsa a ɗauke cikin kwana biyun nan. Kyamara da fitilu da abin ɗaukar sauti haya ne na kullum. Janareta kuma sai an ja shi can bayan gida da doguwar waya don kada ƙararsa ta shiga, ana cikin ɗauka mai achaba ya danna ham ko yaran unguwa su leƙo ta katanga, darakta ya ce a sake, mai abinci tana gefe da kulolinta tana jiran cikon kuɗin jiya. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 wannan lissafin duk ya ƙara sama.

Tacewa

Zariya a jihar Kaduna take, amma wanda yake son fim ɗinsa ya shiga kasuwar Kano sai ya bi ta Hukumar Tace Fina-finai ta jihar Kano da aka kafa a 2001, ƙari a kan hukumar tacewa ta tarayya. A 2007 an dakatar da ɗaukar fim a Kano na wasu watanni, wasu suka koma aiki a jihohin maƙwabta.

Halin da ake ciki

Tashoshi irin Arewa24 da ta fara a 2014 suna sayen fim, amma yawancin ƙananan furodusoshi YouTube suka koma da fim mai dogon zango. Sai tasha ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo kafin ta fara samun kason talla, kuma abin da ake biya a kan mai kallo daga Najeriya bai kai na wanda yake Saudiyya ko Ingila ba, shi ya sa ake cusa tallan shagon atamfa ko na mai maganin gargajiya a tsakiyar fim don a samu na ɗaukar kashi na gaba.