Daga ankwa zuwa gaban alƙali: yadda shari'ar laifi ke tafiya a kotun gunduma a New York

A Amurka, yawancin laifuffukan yau da kullum, irin su faɗa, sata, tuƙi cikin maye da rikicin miji da mata, ba gwamnatin tarayya ke gurfanar da masu su ba. Aikin jiha ne, kuma a matakin gunduma ake yin sa, wadda suke kira kawunti. Ƙasar na da gundumomi sama da 3,000, kowace jiha da nata tsarin, don haka bayanin nan zai tsaya ga Jihar New York mai gundumomi 62, musamman gundumar Bronx da ke cikin birnin New York, inda 'yan Afirka ta Yamma ke da yawa, har da Hausawan Ghana, Nijar da Najeriya.

Sunayen kotunan na rikita baƙo. A wajen birnin New York, kotun gunduma ce ke sauraren manyan laifuffuka. A cikin birnin kuwa, ƙananan laifuffuka na zuwa kotun laifuffuka ta birni, manya kuma su tafi wata kotu da sunanta ke nufin kotun ƙoli, alhali ita ce matakin farko. Kotun da ta fi kowacce a jihar tana Albany, sunanta kotun ɗaukaka ƙara.

Abu na farko da ya kamata a gane shi ne wanda ya kira 'yan sanda ba shi ne mai ƙara ba. A kan takarda ana rubuta cewa al'ummar Jihar New York ne ke ƙarar wane, kuma babban lauyan gunduma, wanda jama'a ke zaɓa duk shekara huɗu, shi ke riƙe da ita. Matar da ta kira 'yan sanda cikin fushi da daddare, ta huce da safe ta ce ta yafe, ba ta da ikon janye komai. A nan ne al'adarmu ta sulhu ke jefa mutane cikin rami. Alƙali kan ba da takardar kariya da ta hana wanda ake tuhuma kusantar mai koken, ko kiran ta, ko aika mata saƙo ta hannun wani. Idan ya tura liman ko dattijon unguwa ya je ba da haƙuri, ya karya umarnin kotu, sabon laifi ne, ko da ita ce ta fara kiran sa a waya. Idan har aka roƙe ta kada ta je ba da shaida, wannan ma wani laifin ne na daban.

Tun a ofishin 'yan sanda shari'a da yawa ke lalacewa. Hukuncin da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a shari'ar Miranda a 1966 ya wajabta wa 'yan sanda su gaya wa wanda ke tsare cewa yana da ikon yin shiru da ikon samun lauya kafin su yi masa tambayoyi. Mutane na zaton in ba a karanta masa wannan ba shari'a ta rushe. Ba ta rushe ba. Iyakar abin da zai faru shi ne lauyansa ya nemi a cire maganar da ya yi daga cikin hujjoji. Kuma yin gum kawai bai wadatar ba, domin a 2010 kotun ta ce sai mutum ya furta a fili cewa ya zaɓi yin shiru. Jimla biyu ce: ba zan yi magana ba, ina son lauya. Daga nan a kulle baki. Doka ba ta hana ɗan sanda ya yi wa mutum ƙarya ba, kamar ya ce abokinka ya riga ya tona ka. Haka wayar hannu: tun 2014 sai da sammacin alƙali ake bincika abin da ke cikinta, sai dai idan mai ita ya yarda da bakinsa, kuma da yawa na yarda don a gan su a matsayin masu gaskiya. Wanda ba ɗan ƙasa ba na da ikon a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa cewa an tsare shi.

Idan laifin ƙarami ne, ana iya ɗaukar hoton yatsun wanda aka kama a sallame shi da takardar da ke ɗauke da ranar zuwa kotu. In ba haka ba, a New York ƙa'ida ita ce a kai shi gaban alƙali cikin kimanin sa'o'i 24. Wannan zaman farko bai cika wuce mintuna kaɗan ba. Lauyan da gwamnati ke biya, daga ƙungiyoyi irin su Legal Aid Society ko Bronx Defenders, zai gana da shi a ɗakin tsare mutane da ke bayan kotu, ya tambaye shi aikinsa, adireshinsa, da wanda za a kira a gida. Samun lauya kyauta ga marar hali haƙƙi ne tun shari'ar Gideon ta 1963. Tafinta ma kyauta ne, kuma duk wanda Turancinsa na kasuwa ne ya nemi tafintan Hausa, kada kunya ta sa ya riƙa gyaɗa kai ga abin da bai gane ba.

A wannan zaman ake yanke batun beli. Gyaran da ya fara aiki a Janairun 2020 ya hana sa belin kuɗi a yawancin ƙananan laifuffuka da manyan da babu tashin hankali a cikinsu, kodayake majalisar jihar ta sha yi masa kwaskwarima daga baya. Inda aka sa kuɗi, wanda ya biya kotu kai tsaye zai karɓi abinsa bayan an gama shari'a, muddin wanda aka yi wa belin bai tsallake zama ba. Ladan kamfanin tsaya wa mutane beli kuwa ba ya dawowa. Wanda ya rasa zama ɗaya, alƙali na iya ba da sammacin kamo shi. Wanda aka kai gidan yarin Rikers kuma ya sani ana naɗar duk kiran da ya yi, ban da na lauyansa, kuma masu gabatar da ƙara na saurare. Yin magana da Hausa ba kariya ba ce, za su nemo mai fassara.

Laifuffukan hawa-hawa ne. Mafi ƙanƙanta, irin tada hankalin jama'a, hukuncinsa bai wuce kwana 15 ba, kuma dokar jihar ba ta ƙirga shi cikin laifin da ke ɓata wa mutum tarihi. Ƙaramin laifi aji na biyu iyakarsa wata uku ne, aji na ɗaya kwana 364. Abin da hukuncinsa ya haura shekara shi ne babban laifi.

Babban laifi sai ya bi ta gaban wani kwamitin 'yan ƙasa mai mutum 16 zuwa 23, da ke zama a asirce ba tare da alƙali a ɗakin ba. In 12 suka amince akwai hujja, an tabbatar da tuhuma. Idan mutum na tsare kuma aka wuce sa'o'i 120, ko 144 in ƙarshen mako ko hutu ya shigo ciki, ba a yi wannan ba kuma ba a yi zaman tantance hujja ba, dole a sake shi, amma ƙarar na nan. Yana da ikon ba da shaida a gaban kwamitin, sai dai lauyoyi kan hana, domin duk abin da ya faɗa an rubuta, za a kuma jefe shi da shi nan gaba.

Akwai agogon da ke gudu a kan gwamnati. Dole ta bayyana cewa ta shirya wa shari'a cikin wata shida a babban laifi, ban da kisan kai, kwana 90 a ƙaramin laifi aji na ɗaya, 60 a aji na biyu, 30 a mafi ƙanƙanta. In ta gaza, lauya ya nemi a kori ƙarar. Sai dai ba kowace rana ake ƙirgawa ba. Ɗagen da ɓangaren wanda ake tuhuma ya nema ko ya amince da shi ba ya shiga lissafi. Kalief Browder, yaro ɗan shekara 16 da aka kama a Bronx a 2010 bisa zargin satar jakar goyo, an sa masa belin dala 3,000 danginsa suka kasa biya, ya yi shekara uku a Rikers ba a yi masa shari'a ba. Masu ƙara kan nemi ɗagen mako guda, kotu ta ba da rana bayan makonni saboda cunkoso, a ƙirga musu makon nan ɗaya kacal. A 2013 aka janye tuhumar.

Zaman shari'a irin na fim, da shaidu da masu taya alƙali yanke hukunci, ba safai ake kai wa gare shi ba. Kotun Ƙolin Amurka da kanta ta ambata a 2012 cewa kashi 94 cikin ɗari na waɗanda aka samu da laifi a kotunan jihohi amsawa suka yi. Ciniki ne: ka amsa laifi mafi sauƙi, a rage maka hukunci, kai kuma ka sarayar da ikonka na a gurfanar da shaidu a yi musu tambayoyi. Yanke shawarar na wanda ake tuhuma ne, ba na lauya ba. Wanda ya kwana biyu a tsare, aka ce masa amsa ka tafi gida yau, da wuya ya tsaya lissafi, kuma ga baƙo nan ne wuƙar take. Dokar shige da fice ta tarayya tana da nata ma'aunin. Sata da aka yanke wa ɗaurin shekara ɗaya, ko da an jingine ɗaurin, tana iya sa a kori mai katin zama na dindindin. Shi ya sa a 2019 New York ta rage hukuncin ƙaramin laifi daga shekara zuwa kwana 364, kwana ɗaya tak don tsallake wannan tarko. Tun shari'ar Padilla ta 2010 wajibi ne lauya ya gaya wa wanda ba ɗan ƙasa ba ko amsa laifin zai jawo masa kora, amma ba zai iya ba in an ɓoye masa gaskiyar takardu. Abin da aka gaya wa lauya sirri ne. Akwai kuma mafita mai sauƙi da ake bayarwa a ƙananan laifuffuka, inda ake ɗage ƙarar wata shida, ko shekara in rikicin iyali ne, in mutum bai sake shiga matsala ba a kore ta a rufe fayil, ba tare da ya amsa komai ba.

Wanda ya ƙi ciniki zai fuskanci 'yan ƙasa masu yanke hukunci 12 a babban laifi, ko 6 a ƙarami, kuma sai bakinsu ya zo ɗaya kafin a ce ya yi laifi. Nauyin kawo hujja na wuyan gwamnati har sai babu sauran shakka mai ma'ana, kuma wajibi ne ta miƙa wa lauyansa duk hujjar da ke wanke shi. Ba dole ya ba da shaida ba, ba a kuma yarda mai ƙara ya ce shirunsa alamar rashin gaskiya ce ba. In an wanke shi, jihar ba za ta sake gurfanar da shi kan laifin nan ba. In an same shi da laifi, kwana 30 yake da su daga ranar yanke hukunci ya shigar da sanarwar ɗaukaka ƙara, kuma ya tabbata lauyansa ya shigar da ita a rubuce.