Kashin Kare Ba Taki Ba Ne

Mutum in shi kaɗai ne da karensa, da wuya kare ya tsuguna bai gani ba. Matsalar tana tasowa ne in an fita yawo a tare: mutum biyar, karnuka takwas, an kwance musu igiya, hira ta yi daɗi. Can bayan ciyawa wani kare ya yi abinsa, kowa na zaton na wani ne, aka wuce.

A aikinmu na kiwon lafiya, abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne tsutsar ciki mai suna Toxocara. Ƙwayayenta suna fitowa a cikin kashin, amma a ranar ba su da illa. Sai sun yi mako 2 zuwa 4 a ƙasa suke ƙosawa, daga nan kuma suna iya yin shekaru a wurin. Kashin ya bushe ya bi iska, su suna nan. Yaro ya yi wasa da ƙasar, ya kai hannu baki, shi ke nan. Tsutsar tana iya kaiwa hanta ko huhu, wani lokaci har ido, ta lalata gani. Shi ya sa "gobe na dawo na kwashe" ba magana ba ce.

Su ma karnukan ba su tsira ba. Cutar parvo, mai sa karnuka amai da zawo, ta kashi take yaɗuwa, ƙwayarta kuma tana yin watanni a ƙasa, ga kare ba ya wuce kashin ɗan'uwansa bai sansana ba. In hanyarku ta bi ta makiyaya, kashin kare yana iya ɗauke da ƙwayar cutar Neospora da ke sa shanu ɓari.

Ku ware mutum ɗaya ya riƙa tafiya a baya, idonsa a kan karnuka, ba a kan waya ba. Galibi a farkon fita suke yin kashi, don haka kada a yi saurin kwance igiya. Kowa ya riƙo leda fiye da yadda yake zato. Sa hannu a ciki, ɗauka, juya ledar, ƙulle, sai kwandon shara. Masu rataye ta a reshen bishiya wai za su ɗauka a dawowa, ni dai na gaji da ganin aikinsu.

Karen da ke zawo ya zauna a gida sai likitan dabbobi ya duba shi. Babban kare a ba shi maganin tsutsa duk wata 3, in ba likita ya ce a ƙara ba. Da an dawo kuma, a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa abinci ko yaro.