Kafin a ƙara wa tsohon titi kwalta, yaya ake lissafin kaurinta?

Da yawa suna ɗauka gyaran titi bai wuce a shimfiɗa sabuwar kwalta a kan tsohuwa a murje ba. A wurin injiniyoyi kuwa, ba da ka ake yanke kaurin da za a ƙara ba. Ƙa'idar, kamar yadda ta zo a kundin da AASHTO, ƙungiyar jami'an hanyoyi da sufuri na jihohin Amurka, ta fitar a 1993, lissafin ɗebewa ce. A gano ƙarfin da titin ke buƙata don ɗaukar motocin shekarun da aka ɗibar masa, galibi 15 zuwa 20, sannan a cire ƙarfin da ya rage masa yanzu. Giɓin da ke tsakani shi sabuwar kwalta za ta cike.

Ba yawan motoci kawai ake ƙirgawa ba. Nauyin da ke kan kowane aksul, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin dama da na hagu, shi ake dubawa, a gwada shi da ma'auni guda: aksul mai ɗauke da kusan tan 8.2. Gwajin da aka yi a jihar Illinois ta Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa in nauyin da ke kan aksul ya ninka sau biyu, ɓarnarsa takan ninka kusan sau 16. Shi ya sa ƙananan motoci da ƙyar suke shiga lissafi. Tirela ɗaya da aka danƙara wa lodi ta fi dubbansu cin titi.

Ƙarfin da ya rage kuma auna shi ake yi. Akan ɗora nauyi a kan titin a ga iya lotsawarsa, a haƙa ramuka a duba kaurin tsakuwar ƙasa, a gwada ƙarfin ƙasar da gwajin CBR, wanda ke nuna yadda ƙasa ke jure dannawa. In ƙasar ta yi laushi, kaurin ya ƙaru.

A ganina, inda aka fi yin sake shi ne abin da ke ƙarƙashi. Tsagar da ba a gyara ba takan ɓullo ta cikin sabuwar kwalta, ruwan da ke kwana a gindin titi kuwa yana ci gaba da jiƙa tushensa. Idan awo ya nuna tushen ya mutu, ƙarin kwalta ba zai yi magani ba. Sai a kankare, a gyara magudanan ruwa, a sake gini daga ƙasa.