Dala 300 ba fito, to me ya sa har yanzu ake cewa a biya kuɗin kiliyarin?

Tun da Hukumar Kwastam ta Najeriya ta sanar an yafe kuɗin fito ga kayan da bai wuce dala 300 ba, magana biyu ke yawo a guruf-guruf ɗin masu oda a WhatsApp, kuma dukkansu akwai gyara. Wasu na cewa shi ke nan, duk wanda ya nemi ko sisi a hannunka kan kayan da ka yo oda daga waje ɓarawo ne kawai. Wasu kuma cewa suke ai sanarwar ma yaudara ce, tunda ga shi an kira su an ce sai sun biya kafin a kawo musu kayansu. Abin da ya haɗa rikicin shi ne mutane na zuba kuɗi kala biyu a buhu ɗaya suna kiransu "kuɗin kwastam", alhali ɗaya na gwamnati ne ɗaya na kamfani.

Ga dai asalin dokar. A farkon Satumban 2025 majalisar gudanarwar kwastam, wadda ministan kuɗi ke shugabanta, ta amince da wannan iyaka ta dala 300, ta fara aiki ranar 8 ga watan, ƙarƙashin dokar kwastam ta 2023 wadda ta maye gurbin tsohuwar da aka gada tun kafin 'yancin kai. Ta shafi ƙananan saƙonni, sayayyar intanet irin ta AliExpress, Temu, Shein da Amazon, da kayan da matafiyi ya riƙo. In darajar kayan ba ta haura 300 ba, ba fito ba harajin da ke bin fito. Sharaɗi biyu ne a kai, kada ya zama kayan da aka haramta ko aka taƙaita shigo da su, sannan sau huɗu kawai a shekara.

To abin da gwamnati ta yafe haƙƙinta ne ita kaɗai. Ba ta yafe wa DHL ko FedEx ko UPS nasu cajin ba, don ba nata ba ne balle ta yafe. Kamfanin da ya ɗauko kayanka daga Guangzhou ko Dubai ko Landan, in sun sauka Legas shi ke shigar da bayanansu a manhajar kwastam, shi ke tsayawa in an ce a buɗe kwalin a duba, in akwai fito sau da yawa shi ke fara biya daga aljihunsa don kada kayan su kwana, daga baya ya biyo ka da abin da ya biya haɗe da ladan wannan rancen da ya yi maka ba tare da ya tambaye ka ba. In kayan suka daɗe a sito saboda ba ka ɗaga waya ba ko ba ka turo takardar da aka nema ba, kuɗin ajiya ya fara hawa. Duk waɗannan suna cikin sharuɗɗan da mai tura kayan ya amince da su ranar da ya miƙa kwalin, kai mai karɓa ba ka taɓa ganinsu ba, shi ya sa in bil ɗin ya zo sai ka ji kamar fashi.

Ni dai a ganina wannan ladan ba laifi ba ne a karan kansa, aiki aka yi. Inda nake da ja shi ne a dunƙule komai a layi ɗaya a ce "kiliyarin" kaza, wato kuɗin fitar da kaya daga hannun kwastam, mutum bai san nawa ya shiga asusun gwamnati nawa ya zauna wurin kamfani ba. Don haka in an turo maka bil, kar ka yi faɗa kar kuma ka yi saurin turawa, ka ce a rarrabe maka shi dalla-dalla, sannan a ba ka takardar kwastam da ke nuna fiton da aka yanka. In kayanka na dala 120 ne, halas ne, ba ka cinye huɗunka ba, amma ka ga layin fito a ciki, nan kana da bakin magana, ka tura rasit ɗin sayayya da shaidar cire kuɗin daga banki ka nemi a gyara. In kuwa layin fito sifili ne sai cajin kamfani kawai, to ba wanda ya karya dokar dala 300, sai dai ka ce ya yi tsada, kuma shi ma akwai inda ake kai ƙorafinsa, hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC tana nan.

Akwai haruffa uku da ya kamata duk mai oda ya riƙa dubawa kafin ya danna biya. In ka ga DDP, mai sayarwa ya ɗauki nauyin fito da komai har ƙofar gidanka, ya riga ya zuba shi cikin farashin. In DAP ne, ko tsohon sunan da wasu ke rubutawa har yanzu wato DDU, kawowa kawai aka yi maka alƙawari, fito da haraji naka ne. Yawancin kukan "ai na biya kuɗin jirgi tun can" daga nan yake fitowa. Eh ka biya kuɗin jirgi, amma kuɗin jirgi daban fito daban.

Sai batun sau huɗun nan, wanda shi ne ya fi rikita mutane kuma shi ne ni ma bai kwanta min ba. Ba wai an hana ka oda ta biyar ba ne kamar yadda wata murya da ake ta turawa ke faɗa, babu wanda zai ƙwace kayanka don ka yi oda sau goma. Rangwamen ne ke ƙarewa, ta biyar sai ta bi layin kowa a lissafa mata fito ko da ta dala 40 ce. Dalilinsu a fili yake, ba sa son babban ɗan kasuwa ya yayyanka kayan kwantena zuwa ƙananan kwalaye ɗari ya shigo da su kyauta, alhali na kusa da shi a Kantin Kwari ya biya fito cif. Wannan hujja ce mai kyau. Amma ka dubi hajiyar da ke sayar da jakunkuna da sarƙoƙi a status, jarinta gaba ɗaya bai kai dala 300 ɗin ba, tana oda kaɗan-kaɗan duk bayan sati biyu saboda sai ta sayar take samun na sakewa, ita kafin shekara ta yi nisa ta cinye rabonta, shi kuwa mai hali da zai sayi turaren dala 290 sau huɗu ya more dala dubu da ɗoriya ba fito. Dokar ta ƙirga yawan zuwa ne ba yawan kuɗi ba, kuma hakan mai ƙaramin ƙarfi ya fi cuta. Abin da ya rage mata shi ne ta haɗa odarta wuri ɗaya in da hali, maimakon ta ɓarar da dama ɗaya kan cazar dala 8.

In kaya ya haura iyakar kuma, kar ka ɗauka rarar da ta hau kan 300 kawai za a caja, kayan gaba ɗaya ake wa lissafi, kuma ana haɗa kuɗin jirgi da inshora a kan farashin kafin a buga. Jadawalin fito na ECOWAS da Najeriya ke bi hawa biyar ne, kashi 0, 5, 10, 20 da 35, ya danganta da irin kayan. Misali kawai, kayan dala 500 da kuɗin jirgi 60, in ya faɗa hawan kashi 20 fitonsa dala 112, sai harajin VAT na kashi 7.5 ya hau kan jimillar duka har da fiton, wajen dala 50 ke nan, ka ga an wuce 160 tun ba a zo kan ƙananan caje-caje da ladan kamfani ba. Kuma da canjin da kwastam ke aiki da shi za a mayar naira, ba canjin ranar da ka saya ba.

Wannan lissafin ne ke sa wasu roƙon mai sayarwa ya rubuta dala 50 a kan wayar dala 700, wai dabara. Jama'a a bar wannan. Jami'in da ke buɗe kwalin ya san farashin iPhone fiye da kai, in bai gamsu da abin da aka rubuta ba yana da ikon ya nemi shaidar biya ya sake yi wa kayan daraja, kuma sanarwar kanta ta yi gargaɗin cewa mai murɗa rasit don ya shiga ƙarƙashin rangwamen zai iya rasa kayan, a kama shi ma. Ko ba a kai ga haka ba, kwanakin da za a yi ana ja-in-ja kuɗin ajiya na tafiya. Ga kuma asarar da ba a lura da ita, in kayan suka ɓace a hanya diyyar da za ka nema ba za ta wuce dala 50 ɗin da ka sa aka rubuta ba. Rubuta "kyauta" a jikin kwali shi ma ba ya sauke fito, darajar kayan ake dubawa.

Rangwamen bai halatta haram ba. Gwanjo yana jerin kayan da aka hana shigowa da su, magunguna da kayan shafe-shafe masu yawa sai da izinin NAFDAC, jirgi mara matuƙi da ake ɗaukar bidiyon biki da shi sai da takardar ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, ko da na dala 100 ne.

Masu yaɗa cewa an sa dala 80 kan kowane saƙo kuma sun juya labarin ne. Wancan hukumar gidan waya ta NIPOST ce ta sanar a ƙarshen Agustan 2025 kan kayan da ake aikawa daga Najeriya zuwa Amurka, bayan Amurka ta soke nata rangwamen na dala 800. Bai shafi abin da ke shigowa ba. Masu bi ta 'yan kago da ake biya kan kilo su ma nasu daban ne, farashin kilon yarjejeniya ce tsakaninka da ejan ɗinka kuma yawanci kiliyarin na ciki, sai ka tambaya tun kafin a ɗora.

Wanda kuma zai kira ka ya ce shi jami'in kwastam ne a filin jirgi, wani ya aiko maka da kwali daga Ingila, ka tura dubu kaza a akawun ɗinsa na Opay yanzu-yanzu kar a ƙwace, wannan ɗan damfara ne. Ba a biyan fito a asusun mutum. Ka nemi lambar wayabil, wato lambar bin sawun kayan, ka shiga shafin kamfanin da kanka ka duba, ko ka taka zuwa ofishinsu ka biya a kanta a ba ka rasit.