Satar amsa ba a ɗakin jarrabawa kaɗai take ba

Ka tambayi ɗalibi a Jami'ar André Salifou ta Damagaram me ake nufi da maguɗi, zai ce maka guntuwar takardar nan da ake naɗewa a cusa cikin hannun riga, ko waya ɓoye a kan cinya. Haka ne. Amma a wurin dokar jami'a, duk abin da ka miƙa da sunanka alhali ba kai ka yi shi ba, shi da wannan takardar duk kanwar ja ce. Wanda ya zauna ya rubuta wa wani jarrabawa, da wanda ya karkata takardarsa don na kusa ya leƙa, su ma sun shiga. Abokin ɓarawo ai ɓarawo ne.

Inda aka fi faɗawa ba a sani ba shi ne kundin kammala karatu, wato memuwar. Ɗalibi ya shekara uku yana lisans, ko ya ƙara biyu na masta, lokacin kare kundi ya matso, sai ya je sibar ya kwaso shafi biyar daga intanet, ya canja kalma biyu-uku, ya liƙa. Wani ma kundin yayansa na bara zai ɗauko, ya goge Mirriah ya rubuta Magaria, alƙaluman suna nan yadda suke. Wannan ƙirƙirar sakamako ce, kuma a ganina ta fi kwafi muni, domin gobe wani zai dogara da ƙaryar.

Ba a hana ka amfani da maganar wani ba. Ilimi dama haka yake tafiya. Abin da ake nema shi ne ka faɗi mai ita. In kalmominsa ka ɗauko, ka sa su cikin alamar zance, ka kawo sunansa, shekara da shafi. In da bakinka ka sake faɗa, har yanzu tunaninsa ne, sai ka ambace shi. ChatGPT kuwa, manhajar nan da ke rubuta wa mutum abin da ya nema, ka tambayi malamin da ke duba aikinka iyakar da ya yarda kafin ka taɓa.

Hukunci na tafiya da girman laifi: sifili a darasin, soke jarrabawa, dakatarwa, har kora. Manyan hukunce-hukunce majalisar ladabtarwa ke yanke su, kuma ana kiran ɗalibi a ji ta bakinsa. Shi ya sa yake da kyau ka adana daftarinka na farko da takardun tambayoyin da ka cike a ƙauye, su ne shaidarka ranar da aka zarge ka.

Malamai ma ba su tsira ba. Hukumar CAMES mai kula da ilimi mai zurfi a wasu ƙasashen Afirka, wadda aka kafa a Yamai a 1968 kuma take tantance ƙarin girmansu, tana da nata kundin ɗa'a da ke hukunta satar rubutu.