Tuƙin injin yankan ciyawa mai juyi a wuri ɗaya

Injin yankan ciyawa mai juyi a wuri ɗaya, wanda masu sana'ar ke kira ziro-tan, inji ne da ake hawa a tuƙa, kuma yana iya kewayawa a inda yake tsaye ba tare da ya bar tsibirin ciyawa a tsakiya ba. Kamfanin Excel Industries da ke jihar Kansas a Amurka ya fito da mai liba biyu, wato sandunan tuƙi na hannu, a 1964 da sunan Hustler, kuma wannan fasalin ne ya yaɗu. Faɗin kwanon yankansa, wato murfin ƙarfen da wuƙaƙe ke juyawa a ƙarƙashinsa, yakan kama daga inci 42 zuwa 72. Na gida yana gudun kilomita 8 zuwa 12 a awa, na 'yan kwangila kuwa ya fi haka.

Yadda yake tafiya

Yawancinsu ba su da sitiyari, ba su da birkin ƙafa. Kowace tayar baya tana da nata famfo da motar haidirolik, kowace kuma da libar da ke sarrafa ta: ta dama ga tayar dama, ta hagu ga tayar hagu. In aka tura su gaba daidai wa daida, injin ya miƙe. In aka jawo su baya, ya yi ribas. In ta dama ta ɗara ta hagu, ya karkata hagu. In aka tura ɗaya aka jawo ɗaya, ya kewaya a wurin. Tsakiya ita ce firi, kuma komawa tsakiyar shi ne birki.

Tayoyin gaba ƙanana ne masu walawa ta ko'ina, irin na keken kaya. Ba sa tuƙi, ba sa birki, bin abin da na baya suka yi kawai suke. Kusan duk haɗarin wannan inji daga nan ya samo asali, domin da zarar tayoyin baya sun daina kama ƙasa, tuƙi da birki sun tafi tare a lokaci guda.

Koyo

Ana fara koyo a shimfiɗaɗɗen fili busasshe, ba bishiya ba rami, wuƙaƙe a kashe, kwanon yanka a ɗage. Injin ba ya tashi sai an kashe makunnin wuƙaƙe, an ja birkin ajiya, an buɗe libobin zuwa gefe. Akwai kuma makunni a ƙarƙashin kujera da ke kashe injin in direba ya tashi wuƙaƙe na juyawa. Wasu na haɗe wayarsa don wai yana damun su, alhali shi ne ke tsakanin ƙafar mutum da wuƙa ranar da ya faɗo.

Mai koyo ya sa totur a rabi, saboda famfunan su rage zafin amsawa. Kuskuren farko kusan kullum ɗaya ne: damƙe liba da ƙarfi a yi ta fizga, injin ya riƙa zabura yana tangaɗi, direba ya gyara da yawa, ya sake gyara gyaran. Maganinsa sassauta riƙo, a kusanto da hannaye biyu kusa da juna, a riƙa motsi kaɗan-kaɗan daga wuyan hannu. Ido ya tsaya a kan wani abu can nesa, domin mai kallon tayar gaba ba ya miƙe layi. Bayan miƙewa da tsayawa sai a koyi ribas, sai kwana mai faɗi, sai zagaye mai siffar 8. In injin yana janyewa gefe ɗaya alhali libobin suna daidai, a fara duba iskar tayoyin baya kafin a taɓa kusoshin saiti.

Juyi a ƙarshen layi yana da tasa dabarar. In aka tsayar da taya ɗaya cak aka kewaya a kanta, takan murje ciyawa ta bar tabo. Gwanaye sukan yi kashi uku: su rage gudu su ɗan karkata, su ja baya a hankali, sannan su shiga sabon layi, ba tare da wata taya ta daina mirginawa ba. A tuna kuma injin da ke ba shi ƙarfi a baya yake, don haka gindin yakan wulwulo waje lokacin kwana ya bugi shinge ko mota. Sai hannu ya faɗa ake kunna wuƙaƙe, kuma yanka da cikakken totur ake yi, gudu kuwa da liba ake rage shi.

Gangara da bakin ruwa

Nan ne ake rasa rayuka. Yawancin masu ƙera injin sun iyakance shi ga gangarar da ba ta wuce digiri 15 ba, wato ƙasa ta tashi kimanin mita 2.7 a cikin kowace mita 10. Wasu samfuran iyakarsu digiri 10. Gara a auna da a kintata, don ido yakan raina gangara.

In injin ya fuskanci ƙasa, nauyi yakan koma kan tayoyin gaba, na baya su yi sakayau. A jiƙaƙƙiyar ciyawa sai ya fara sulalewa, kuma fizgo liba baya ƙara santsin yake yi. In aka yanki gangara a kwance, gaban yakan nemi zamewa ƙasa tunda ba abin da ke riƙe shi. A hawa kuwa, zabura farat ɗaya na iya ɗaga gaba. Littattafan kamfanoni sun bambanta kan ko a bi gangara sama da ƙasa ko a kwance, saboda haka na samfurin da ke hannu shi ne abin bi. Abin da suka haɗu a kai shi ne tafiya a hankali, guje wa tsayawa da tashi a tsakiyar gangara, da barin ta in akwai raɓa ko ruwan sama. In taya ta fara santsi, a kashe wuƙaƙe a lallaɓa a sauka. Jakar tara ciyawa a baya tana sauya ma'aunin nauyi yayin da take cika.

Tsakanin inji da bakin rami, kwata, katanga mai zurfi ko tafki a bar tazarar faɗin injin sau biyu, domin gaɓa kan zabtare ƙarƙashin nauyi. Ragowar a gama da injin turawa ko na hannu.

Ƙarfen kariya da ke bayan kujera, mai kare direba in injin ya kife, yana aiki ne in yana tsaye, an sa masa kusoshinsa, direba kuma ya ɗaura bel. In dole ta sa aka naɗe shi don wucewa ƙarƙashin reshe, a kwance bel ɗin, a mayar da ƙarfen da zarar an wuce. Bel ba tare da ƙarfe ba ɗaure mutum yake yi a ƙarƙashin injin da ya kife.

Wuƙaƙe da mutanen da ke kusa

Bakin wuƙa yana iya kusantar gudun kilomita 350 a awa, don haka tsakuwa ko guntun waya sukan fita tamkar harsashi. A tsince fili kafin farawa, kada a cire marfin bakin fitar ciyawa, kada a nufi mutane, tagogi ko titi da shi. Bakin fitar ciyawar yakan kasance a dama, shi ya sa ake bin gefen gini da hagu. Ba a ɗaukar fasinja, musamman yaro: wanda aka taɓa ɗauka yakan rugo ya nemi a sake, ta bayan direban da bai gan shi ba. A waiwaya kafin ribas. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar kada wanda bai kai shekara 16 ba ya tuƙa irin wannan inji. Direba na bukatar rufaffen takalmi, gilashin kare ido da abin toshe kunne.

Kafin a sa hannu ƙarƙashin kwano, a kashe wuƙaƙe, a ja birki, a zare makulli, a jira komai ya tsaya, a cire wayar filogi. Ana zuba fetur in inji ya huce, kuma busasshiyar ciyawa da ta taru kusa da salansa takan kama wuta. Ɗigar man haidirolik da kwali ake nemanta, ba da hannu ba, domin matsinsa na iya huda fata, raunin kuma na gaggawa ne ko da ya yi kama da tsinin allura. In inji ya mutu aka buɗe bawul ɗin famfo don a tura shi da hannu, libobin ba sa riƙe shi kuma, saboda haka ba a yin wannan a kan gangara.